Na Yabi Mai Yi Mini Magani Gaban Baƙi, Yanzu Aikinshi Na Rawa

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, manya da ƙanana, masu karantawa su yi shiru da masu yanke ma mutum hukunci tun bai kai aya ba. Admin ka ɓoye sunana don girman Allah, ko da yake duk mai cin kasuwar dabbobi tsakanin Tambuwal da Kebbe in ya karanta layi uku zai ce ai wane ne. Don Allah ku ba ni shawara. Ku yi haƙuri da rubutuna, bokona na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙarasa ba, malamin ya ce ko in bar aji ko shi ya bari, don ba a karatu mutum biyu na magana lokaci guda. Da yatsa ɗaya nika danna wayar nan, in kun ga kuskure ku tsallake.

Ni tsoho ne, na haura sittin, ƙauyenmu na cikin ƙasar Kebbe, ba zan faɗi sunanshi ba. Ina noma da damina, amma abin da anka san ni da shi dillancin dabbobi, shekara arba'in da ɗoriya. Wanda bai san aikinmu ba, to baki ne jarinmu. In anka kawo mini akuya mai tari sai in ce gaisuwa take yi, in tunkiya ramammiya ce in ce irin su ba su ɓarnar abinci. Na taɓa sai da jaki mai ido ɗaya, na ce ma mai saye shi ya sa ba ya waige-waige a hanya. Ban faɗi wannan don alfahari ba, na faɗa ne don ku san irin bakin da Allah ya ba ni, bakin da in ya fara yabo ni kaina ban san inda zai tsaya ba.

Shekara uku da sunka wuce anka gano ina da ciwon suga. Ɗana na fari, in kira shi Nasiru, malamin makaranta ne a Tambuwal, shi ya matsa sai da anka yi mini katin inshorar lafiya na gwamnati, anka ɗauki hotona ina zare ido kamar wanda anka kama da akuyar sata. Ranar da katin ya zo na zagaya majalisa ina nuna ma mutane, na ce daga yau ni da ciwo sai dai mu gaisa, gwamnati ta ɗauki nauyina. Ashe katin nan gajeruwar tabarma ce, in ka miƙe ƙafa da yawa sai ka ji ka ƙasa. Kuma ƙafar ce kuwa na miƙe.

Bayan an yanke dawa na shiga gona da silifas, na taka tushiyar kara, ta shige mini ƙarƙashin ƙafar hagu. Ban ma ji zafi ba, wanda yanzu na gane shi ne sharrin suga, ƙafa na mutuwa kana yawo bisanta kana dariya. Na yi abin da kowane tsoho mai taurin kai ke yi, na daka bagaruwa na barbaɗa na ɗaure da tsumma, wani ya ce man shanu na shafa, wani ya ce toka na zuba. Mako biyu ina ɓoye ma matata, in kira ta Dije, har ranar da ta ce ɓera ya mutu cikin ɗaki, ta fid da kaya kaf tsakar gida tana nema, ni ko ina zaune ina taya ta zagin ɓeran. Da ta gama ba ta ga komai ba sai ta tsaya ta dube ni, ta ce cire safar nan. Abin da ta faɗa bayan na cire ba zan rubuta shi ba, akwai masu mutunci a zauren nan.

Ƙaramin asibitin ƙauyenmu mutum ɗaya ke riƙe da shi, in kira shi Malam Sahabi. Shi ba cikakken likita ba ne, irin jami'an lafiyar nan ne da anka koya ma su tsaya a madadin likita inda babu likita. Mu dai Likita muke ce mishi, kullum sai ya gyara mana, kullum sai mu maimaita. Shekara goma sha ɗaya shina tare da mu, baƙo ya zo, yanzu har gona gare shi bayan gari. Mutum ne marar yawan magana, in ka yi mishi barkwanci sai ya gama rubutu sannan ya yi dariya, kamar dariyar ma sai ta bi layi. Da ya kwance tsumman ƙafata ya daɗe shina kallo, ya ce Baba wane ne ya yi maka wanga aiki, na ce kwamiti ne, mu da yawa munka haɗu. Bai yi dariya ba ko bayan ya gama rubutun, nan na san magana ta yi girma.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayanin kati dalla-dalla. Ya ce in dai a hannunshi ne, abin da kati ya sani shi ne ya auna suga, ya ba da ƙwaya, ya yi allura, ya wanke miki ya ɗaure. Amma wagga ƙafa ta wuce wanki, akwai ruɓaɓɓen nama da sai an yanke an fid da shi, wannan kuwa kati bai san shi a hannunshi ba, sai a hannun cikakken likita a babban asibiti. Na ce to kai ka iya ko ba ka iya ba? Ya ce iyawa daban, izini daban. Na ce wato hannunka halal ne ga wanki, haram ne ga yanka, kamar mahaucin da anka ce ya wanke hanji amma kada ya taɓa wuƙa. Ya ce Baba kira shi yadda ka ga dama, haka tsarin yake. Ya rubuta mini takardar turawa, ya ce sai an jira lambar izini ta zo daga ofishin masu inshora ta waya kafin in tafi, in ba haka ba can ma kati ba zai yi aiki ba. Kwana fuɗu shina hawa tudun bakin tankin ruwa neman sabis kafin lambar ta shigo, ni ko ƙafa na ƙara kumbura, takalmi ya daina shiga.

To ga inda laifina na farko yake, kuma har yau ba wanda ya sani a gidana. Ranar da zan tafi ta dace da ranar kasuwa, Nasiru na makaranta, ya ce in na isa in kira shi, na ce kada ya damu ni ba yaro ba ne. Ɗan kabu-kabu ya fid da ni bakin titi ƙafa na lilo, kowane rami sai na kira sunan Allah, na hau mota har Tambuwal. Na isa ƙofar asibiti lafiya lau da takardata a aljihu. Ina tsaye sai ga wani dattijo ana fitowa da shi bisa keken marasa lafiya, wandonshi ƙafa ɗaya an naɗe an maƙale da fil. Sai na tuna wani abokina da munka yi dillanci tare, shi da ciwon ɗan yatsan ƙafa kawai ya tafi asibiti, ya dawo ba ƙafa daga gwiwa, bai shekara ba ya rasu. Na san yanzu za ku ce ai don ya makara ne, ba laifin likita ba ne, na yarda. Amma a lokacin ƙafata ce ta yanke shawara ba kaina ba, ta juya da ni. Na tsinci kaina cikin kasuwar dabbobi, na taya wani Bafillace sai da bijimi, na ci tsire na sha lemo mai sanyi wanda anka hana ni, da la'asar na hau mota na koma gida. Na ce ma Dije da Nasiru na ga babban likita, ya duba ya ce ba komai, in koma Malam Sahabi ya ƙarasa.

Washegari na kai ma Malam Sahabi wannan labari, har da kwatanta mishi likitan, na ce dogo ne mai tabarau, ya ce a gaishe ka. Ya ce ina takardar da ya rubuto? Na ce iska ta ɗauke ta bisa kabu-kabu. Ya ce Baba jiya wani ya gan ka kana riƙe da igiyar bijimi kana rantsuwa. Ya ce in tashi ya kai ni da mashin ɗinshi yanzu-yanzu, na ce wallahi sai dai ya kai gawata, in ƙafar nan za ta kashe ni ta kashe ni da ita a jikina. Munka daɗe muna ja-in-ja, ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce zai kira Nasiru, na ce in ya kira shi zan koma gida in ci gaba da bagaruwata. Ya san zan aikata. Ya fita waje ya tsaya ƙarƙashin dalbejiya ya fi minti goma, ya dawo ya wanke hannu, ya ce sharaɗi biyu, na ɗaya in ya ga baƙin ruɓa ya haura idon sawu to ko da igiya sai ya kai ni, na biyu abin da zai yi ya tsaya tsakanin ni da shi da Allah. Na ɗaga hannu na yi alkawari. Ni, dillali.

Ya yi allurar kashe zafi, ya sa almakashi da 'yar wuƙarsu ya dinga fid da mataccen nama har ya kai ga mai jini. Sau uku ya yi haka cikin mako biyu, tsakani kuma wanki da ɗauri kullum, har Juma'a, har ranar da ba aiki. Ya hana ni fura da sukari, ya haɗa baki da Dije ta zama ɗan sanda a kaina. A littafinshi abin da ya dinga rubutawa wankin miki, wankin miki, don shi kaɗai ne kati ya sani a hannunshi. Ko kwabo bai karɓa gare ni ba, na kai mishi zabi biyu ya maido. Wata biyu rami ya cike, saura ɗan wuri kamar bakin kwalba. Na fara taka ƙasa, na fara zuwa masallaci da ƙafata.

Sai ga baƙi. Wata safiya mota fara ta tsaya bakin asibiti, mutum uku daga ofishin masu inshora, shugabarsu wata Hajiya mai fara'a, sun zo jin yadda masu kati ke samun kulawa. Anka tara mu ƙarƙashin dalbejiya bisa benci. Ku da kuke birni wataƙila ba ku san al'adarmu ba, a wurinmu in manyan mutum sunka zo, to ranar sakayya ce, wanda ya yi maka alheri sai ka tashi ka ɗaga shi gabansu, in ka yi shiru kai butulu ne, har gida za a bi ka da magana. Kuma kowa ya san in ana son a ɗaga abu ni ake turawa. Mutane sunka dinga zungurina, tashi mana, kai ne mai baki. Malam Sahabi na tsaye bakin ƙofa shina girgiza mini kai a hankali, ni kuma na ɗauka kunya ce irin tashi, kada a yabe shi. A raina na ce yau sai na sa an ƙara mishi girma, sai an ba shi mota.

Na miƙe na cire takalmi na ɗora ƙafa bisa benci, na ce Hajiya dubi nan. Na ce ƙafar nan ta ruɓe har tsutsa na neman gida, wanga bawan Allah ya sa wuƙa ya feɗe ta kamar rago, sau uku, nan cikin ɗakin nan, babu wuta babu fanka. Na ga Hajiya ta buɗe littafi tana rubutu, sai na ji daɗi, na ce ciniki ya fara kamawa. Wanda ya san dillali ya san in mai saye ya fara gyaɗa kai ba a tsayawa. Na ƙara da labarin wani makiyayi da saniya ta soka ya ɗinke shi, wannan gaskiya ne. Daga nan na ce akwai wanda cikinshi ya kumbura ya tsaga ya fid da ƙari kamar goruba, wannan ban san inda na samo shi ba. Na ce har ido shina gyarawa. Na ce ku bar ɓata man mota kuna tura mu birni, ga likitan likitoci nan Allah ya ba mu. Mutane na tafi suna cewa gaskiya ne, gaskiya ne, don su sun san yadda ake sauraron maganata, a zub da rabi a raba sauran biyu. Hajiya ba ta sani ba, ita duka ta rubuta. Da na juyo in ga fuskar Malam Sahabi sai na ga ya zauna bisa dandamali ya dafe kai.

Kwana tara bayan nan takardar tuhuma ta zo. An dakatar da shi sai kwamiti ya zauna. Laifi biyu, wai ya yi aikin da ya wuce iyakar da anka yanka mishi, kuma ya rubuta shi da sunan wani aiki don kati ya biya. In kwamiti ya tabbatar, mafi sauƙi a ɗauke shi daga ƙauyenmu, mafi muni a raba shi da aikin gaba ɗaya, mutum mai iyali, ga tsohuwarshi a hannunshi. Yanzu ma'aikaciya ɗaya ta rage, mai awon ciki, baiwar Allah na iyakar ƙoƙarinta amma ko ƙurji ka kawo sai ta rubuta maka takardar turawa, ta ce ita ba za a yi da ita ba. Ban ga laifinta ba. Kuma an aiko mini, ranar Talata in zo gaban kwamiti, ni ne babban shaida, ni da ƙafata.

Tun ranar ban huta ba. Mutanen da sunka zungure ni in tashi su ne yanzu ke cewa bakina ya fi kunama, in na doso majalisa sai a fara maganar taki. Wani taubashina ya ce da ma ƙafar anka bari anka yanke harshen, da gari ya zauna lafiya. Dattawa sun kira ni sun ce magana mai sauƙi ce, in je in ce ƙarya na yi duka, tsufa ne da son a san ni, su kuma za su biyo ni a mota su shaida cewa tun da suke ba su taɓa jin na faɗi gaskiya ba, har da masu cewa za su zo da jakin nan mai ido ɗaya in ana son hujja. Sun ce tabon ƙafa in ce ni na yanke da reza. Kun ji inda mutuncina ya kai, gari guda a shirye yake ya rantse ni maƙaryaci ne, kuma don ƙauna.

Dije ita ma ra'ayinta ke nan da farko. Ta ce shekara arba'in ina ƙarya don awakin mutane, yau ga ranar da ƙarya za ta yi amfani na zama waliyyi. Daga baya sai ta tuna, ta ce to ma mi ya kawo ƙarya, ba babban likita ne ya ce Malam Sahabi ya ƙarasa ba? Ka je ka faɗa musu hakanan. Ta kira Nasiru ta gaya mishi, shi kuma ya yi murna, ya ce ai shi ke nan an samu mafita, Litinin zai nemi izini a makaranta ya je babban asibiti a binciko fayil ɗina na ranar, ya kawo ma kwamiti. Ya tambaye ni sunan likitan, na ce dogo ne mai tabarau. Jama'a babu fayil. Abin da ke akwai na ranar nan bijimi ne, shi ma an yanka shi.

Na je wurin limaminmu bayan azahar, ban faɗa mishi komai duka ba, na ce a misali. Ya ce akwai inda anka sassauta hukuncin ƙarya don sulhu tsakanin mutane, amma shaida gaban masu hukunci wani abu ne daban, kuma in anka ce in rantse kada in kuskura. Ya ƙara da cewa misalin nan naka shina ɗingishi da ƙafar hagu. Na taso.

Na samu lambar Hajiyar nan na kira ta, na ce ranki ya daɗe ni ne tsohon nan mai ƙafa, yabo na yi ba ƙara na kawo ba. Ba ta yi mini wulaƙanci ba, gaskiya. Ta ce Baba ba don mugunta anka sa iyakar nan ba, akwai wuraren da wanda bai kai ba ya sa wuƙa a ƙafar mai suga, mutum ya rasa ƙafar ko ranshi, ba kowa ne Malam Sahabi ba, kuma in kowa zai yi aiki ya rubuta wani suna to kati ya zama wasa. Na ji maganarta, har ga Allah akwai gaskiya ciki. Amma abin da ke ci mini rai, wanda ya zauna ya ja layin nan ya taɓa hawa kabu-kabu daga ƙauyenmu da ruɓaɓɓiyar ƙafa? Ya taɓa jiran lamba kwana fuɗu? Kun ajiye mana mutum ɗaya, kun koya mishi aiki, kun ba shi almakashi da allura, sannan kun ce kati ya san hannunshi daga nan zuwa nan. In bai isa ba ku kawo mana wanda ya isa, in ya isa ku bar shi ya yi ya rubuta gaskiya. Da akwai gurbin da zai rubuta abin da ya yi a biya, ko a ce ya kira likita ta waya a ba shi izini, mi zai sa ya rubuta wanki? Na faɗa mata haka, ta ce wannan ba a hannunta yake ba, ita abin da ta ji ta rubuta, in zo Talata in faɗi gaskiya.

To wace gaskiyar? In na ce maganar ciki da ido ƙarya ce, za su ce to ta ƙafa fa. In na ce ta ƙafa gaskiya ce, na tabbatar da tuhuma da bakina. In na ce duka ƙarya ce, na tsaya gaban hukuma da furfurata na yi shaidar zur, ga tabo kowa na gani an san ba aikin reza ba ne, in sunka kama ni sun kama shi sau biyu. Hanyar da ta rage ita ce in faɗi komai tun daga ƙofar asibiti, in ce ya tura ni na gudu, na dawo na yi mishi ƙarya, na ƙi tafiya, na ɗaure shi da raina har ya ga in bai yi ba mutuwa zan yi a ɗaki. Wannan ita ce gaskiyar, amma ban sani ba ko za ta sassauta mishi ko za ta ƙara nutsar da shi, don za su ce to mi ya sa bai kai rahoto ba, mi ya sa ya rubuta wanki. Kuma ranar Dije da Nasiru za su ji inda na yini. Wannan kunyar zan iya haɗiye ta in dai za ta yi amfani, abin da nika tsoro in tona kaina a banza shi kuma a kore shi.

Jiya da hantsi Malam Sahabi ya zo gidana. Na ɗauka faɗa ya zo yi, har na shirya, don da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya yi sallama ya zauna zaure, ya ce in kwance ƙafar ya gani. Na kwance. Ya sunkuya ya duba, hannuwanshi biyu a bayanshi ya riƙe ɗaya da ɗaya, don an ce kada ya taɓa marar lafiya sai kwamiti ya zauna. Ya sa anka kira Dije, ya tsaya shina gaya mata yadda za ta dafa ruwa ta sa gishiri, ta ina za ta fara shafawa, kada ta koma inda ta wuce da audugar, ita tana yi shina kallo. Gefen wurin ya ɗan canza launi, ya ce bai so haka ba, wannan karon dole in ga likita, kuma Nasiru ya kai ni har cikin ɗakin likita ya tsaya bakin ƙofa. Da zai tafi na bi shi waje da ɗingishi na ce Likita ka yafe mini, ka gaya mini abin da kake so in faɗa, ko mi ne ne zan faɗa. Ya ce Baba ni na riga na rubuta musu abin da na yi, ban rage komai ba, sai dai ban sa maganar kasuwa ba, wannan sirrinka ne ba nawa ba. Ya ce kada in yi ƙarya saboda shi. Ya hau mashin ya tafi.

Dattawa ba su san ya riga ya amsa laifi ba, har yanzu suna haɗa motar zuwa rantsuwa. Wato mutumin nan ya ɗauki laifin shi kaɗai, a takardarshi babu inda ya nuna tsoho ne ya yaudare shi ya tsare shi, kamar haka kawai ya ga dama ya sa wuƙa. Ni kaɗai zan iya cike wannan gurbin.

Don haka jama'a ga tambayoyina. Ma'aikatan lafiya da masu aikin inshora da ke cikin zauren nan, in na tsaya na ce ya tura ni na ƙi zuwa, na yi mishi ƙarya na tilasta shi, kwamiti na duba irin wannan su sassauta, ko ƙara mishi laifi zan yi? Akwai takardar roƙo da gari zai iya rubutawa a sa hannu a bar mana shi, kuma wa ake kai mawa? Ni kaina za su iya karɓe katina saboda na ɓata lambar da anka ba ni? In sun karɓe ma ban damu ƙwarai ba, ina son in sani ne kawai. Sannan Nasiru, in kira shi yau in gaya mishi kada ya wahalar da kanshi neman fayil, ko in bari ya ji gaban kwamiti tare da kowa? Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma kowane zagi a haɗo shi da shawara. Yau Asabar, Talata ake zama. Ban taɓa miƙewa gaban mutane na rasa abin faɗa ba sai wannan karon, ku gaya mini in sun ce Baba bismillah, da wace magana zan fara.